Elisha Mai Karanta Rariya

A gindin Unguwar Gangare, cikin Tasawa, inda hanya ke ƙarewa ta faɗa wani ɗan kwari, nan gidan Elisha yake. Ranar da aka ba shi wurin ba wanda ya yi masa hassada. Kowane gida a saman hanyar yana da rariya, wato ɗan ramin nan da ake hudawa a gindin katanga don ruwan wanka da na wanke-wanke ya fita, kuma duk abin da rariyoyin suka zubar gangarowa yake yi ya zo nan ya kwanta. Wuri ne na sauro da wari. Mai unguwa Namadi, da ya zo nuna masa filin, ko kusa bai matsa ba. Daga nesa ya miƙa sanda ya ce, "Daga nan zuwa can. In ka iya zama, naka ne."

Elisha ya iya zama. Mutumin da ya rasa 'ya'ya biyu cikin wata ɗaya, wari ba ya korarsa.

Asalinsa wani ƙauye ne a ƙasar Hawandawaki, inda Kiristoci ba su wuce gida biyar ba, majami'arsu kuwa rumfar kara ce da ake sake wa rufi kowace kaka. Ubansa manomi ne, shi ma haka ya taso, gero da wake da gyaɗa, har ya auri Rebeka suka haifi biyu. Sai farin saba'in da uku ya zo ya share gonaki. Ɗansu na farko ya tafi da gudawa. Na biyun yana kwance Elisha ya ji ana rabon hatsin taimako, ya ɗauki buhu ya taka da ƙafa, ya yi kwana uku a layi ana ture shi ana zaginsa, ya samo tiya huɗu. Da ya iso gida an riga an rufe yaron tun jiya. Ya ajiye buhun a ƙofar ɗaki, ya yi rantsuwar da ba wanda ya sa shi: hannunsa ba zai sake miƙuwa gaban ɗan Adam ba. Mutane sun riƙa kiran wannan mutunci. Rebeka, da ta fi kowa saninsa, taurin kai take kiransa, kuma ni ina ganin ita ta fi kusa da gaskiya.

Shekarar da soji suka karɓi mulki suka tattara 'yan komatsansu suka shigo Tasawa. Ga shi ba jari, ba sana'a, ba dangi. Abin da yake da shi kawai idon manomi, kuma idon manomi in ya ga ruwa yana kwance a banza ba ya samun barci. Ya ɗauki fartanya ya fara jan 'yar hanya a gindin katangun yamma, yana daɓe ta da fasassun tukwane. Ya haƙa rami ya cika da yashi don ya tace sabulu. Ya kafa sandunan zogale bakwai, ya shuka rama da yakuwa da lalo da kabewa. Cikin shekara biyu wurin da ake toshe hanci a wuce ya zama garka, kore shar. Rebeka tana dafa ganye tana kwaɗawa, suna ci, tana kai saura kasuwa. A nan aka haifi Tabita, bayan sun riga sun fid da rai da haihuwa.

Mutum ba ya shekara goma yana tsugune gaban ruwan mutane bai koyi wani abu ba. Elisha ya iya karanta rariya. In ya ga ruwa da ɗumi da ganyen bedi, wato darbejiya, ya san an haihu a gidan. In ya ga maiƙo, an yi yanka. In ruwa ya ƙaru da rana tsaka, baƙi sun sauka. In kuwa rariya ta wuni ba ko digon wankin tukunya, ya san ba a ɗora komai a murhu ba, sai ya sa Rebeka ta kai musu ganye ta ce ya yi musu yawa ne. Asirin da maza ba sa gani, tunda namiji ba ya shiga gidan wani, shi a gindin katanga yake ganinsa, kuma bai taɓa buɗe baki ba. 'Yan unguwa sun san da haka, har ya zama abin tsokana. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Elisha, mi rariya ta ce yau?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ta ce a gaishe ku."

Cikin rariyoyin duka ba wadda yake so kamar ta Bintu, gida uku sama da nasa. Bintu bazawara ce mai 'yan mata biyu da tsohuwar uwa makauniya, kuma da tukunyar koko ɗaya take riƙe da su, tana sayarwa da safe a bakin zaure. Ruwanta ƙasari ne, wato ruwan wankin hatsi, wanda shuka ke sha ta yi ƙiba. Ba ya taɓa zuwa da sabulu. Ran Juma'a kuwa da hantsi sai rariyar ta ɓarke da ruwa garau mai yawa, ya gangaro har gindin zogale. Elisha ya karanta wannan ma, ya ce a ransa ranar ce take wanke manyan randunanta. Bai taɓa tambaya ba. Ina ruwan mai karatu da tambaya?

Sai tamanin da huɗu. Aka yi shuka sau uku, sau uku rana na cinyewa. Iyakar Najeriya a rufe, hatsi ya hau inda talaka ba ya hangensa, mutanen ƙauye suka fara kwararowa gari da tabarmi a ka. Rijiyoyi suka yi ƙasa, ruwan garwa ya yi tsada. Mutane suka koma wanka cikin tasa, su wanke tufa da ruwan, su ba akuya abin da ya rage. Rariyoyi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kabewa ta tafi, lalo ya bi ta, yakuwa ta ƙone. Kafin tsakiyar rani abin da ya rage wa Elisha zogale biyar ne da fangali ɗaya na rama, kuma duka da ruwan Bintu suke numfashi. Na marinar da ke sama guba ne, na gidan wani attajiri kuwa sabulu ne zalla.

Wannan ganyen shi ne abincin gidan. Rebeka ta dafa shi, ta barbaɗa dusa, wani lokaci da ɗan ƙuli in an samu, su zauna su uku. Tabita na da shekara biyar, gashinta ya fara ja yana laushi, wuyanta ya yi siriri. Elisha ya san wannan gashin, ya gan shi a kan yara biyu shekara goma da suka wuce. Tsoro ya shige shi. Lissafin a fili yake: muddin rariyar Bintu na zuba, akwai ganye, kuma muddin akwai ganye Tabita na da abin sa wa a baki.

Ana cikin haka wani babba mai kaki ya zo rangadi. Aka ce a bi da shi ta Gangare don ta fi kusa. A shekarar da ƙasa duka ke kukan ɗigon ruwa, motar babba ta kafe cikin taɓo, taɓon marina da na gidan attajiri da ya taru a tsakiyar hanya. Sai da ƙarti goma suka tura ta. A zamanin nan in mai kaki ya ɗaure fuska gari ne ke daina tari. Ya leƙo ta taga, ya dubi taɓon, ya faɗi kalma ɗaya, "Kanibo," wato kwata, ya wuce. Kafin wata ya zagayo an haƙa doguwar kwata ta siminti a gefen gabas na hanyar, an rufe ta da falale, aka ce kowane gida zai haɗa rariyarsa da ita ta tiyo, kuma ba kyauta ba.

Aka kira taro a ƙofar gidan Namadi don a tsai da kuɗin. An aiko wani matashi, Gazali, sakataren kwamitin da aka kafa don aikin, da farar riga da biro a aljihu. Ya bayyana cewa siminti da tiyo da masu yashe kwatar duk kuɗi suke ci. Sai gardama ta kaure. Wani ya ce a biya bisa yawan mutanen gida, attajiri mai mutum talatin ya ce aradu bai yarda ba. Wani ya ce a ƙirga rariya, masu rariya biyu suka yi ca. Wani tsoho ya ce shi wata uku bai yi wanka ba, mi zai zuba a ciki? Aka yi dariya irin ta masu yunwa. Gazali ya bari suka gaji, sannan ya buɗe takarda, ashe an riga an yanke, taron na a ji ne kawai.

"Tarif biyu ne," in ji shi. "Akwai domestik, gidan kwana ke nan: jika biyu a haɗa, dala ashirin duk wata. Akwai komersiyal, gidan da ake sana'a: jika goma a haɗa, dala ɗari duk wata."

Jika ɗaya dala ɗari biyu ce a kuɗin sefa. Kafin a tashi bakin mutane ya mai da komersiyal ɗin kwamasa. Elisha yana can baya a tsugune. Ya riga ya ji daga Rebeka cewa Bintu ta sai da tasoshin aurenta don ta haɗa, saboda tana tsoron abin hukuma. Jika biyu za ta iya. In ta haɗa, ƙasarin zai bi tiyo ya haye gabas, garka ta mutu. Shi da bai taɓa magana a taro ba sai ga shi ya ɗaga hannu.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, "wanda bai biya ba hwa?"

"Ba a haɗa shi," in ji Gazali, yana naɗe takarda.

Ba a haɗa shi. Elisha ya juya maganar a ransa ya ga ta yi daɗi. Wanda ba a haɗa ba, ai ruwansa zai ci gaba da bin inda ya saba bi. Bai tambayi ko takardar na da shafi na biyu ba.

Sai Gazali ya kawo tasa damuwar. Marina kowa na ganinta, amma sana'ar mata a cikin gida take, ta yaya zai san gidan kwana da gidan kwamasa? Namadi ya yi dariya ya ce, "Ga malaminka can baya. Elisha na karanta rariya kamar allo. Ka zo da sahe ya raka ka." Aka kwashe da dariya. Da wasa Namadi ya faɗa, Allah ya sani, amma Gazali ya rubuta sunan.

Washegari Juma'a ce. Da hantsi suka fara daga saman hanya su uku, Gazali da littafinsa, Namadi da sandarsa, Elisha a gaba. Gidan da ake ɗan soya ƙosai ya ce gidan kwana ne. Gidan da ake wankau a ɓoye ya ce gidan kwana ne. Ya rufa wa kowa asiri yadda ya saba, har suka iso rariyar Bintu.

"Nan koko take saidawa," in ji Namadi, "amma bazawara ce, ga marayu, ga tsohuwa. Tukunya guda ce."

"Tukunya guda ba komersiyal ba ce," in ji Gazali. "Uwata ma na yi." Ya ɗora biro zai rubuta domestik.

Daidai nan rariyar ta ɓarke. Ruwa garau ya fito da ƙarfi, ya cika 'yar hanyar, ya bi ta tsakanin ƙafafunsu ya gangara. Elisha ya dubi ruwan. Ya tuna wuyan Tabita. Ya buɗe baki.

"Mushe, dubi. Gidan mutum huɗu ke zubda ruwa haka a shekara irin wagga? Manyan randuna take wankewa. Tukunya guda ba ta cin wanga ruwa. Kowace Juma'a haka ne, shekara goma ina gani."

Namadi ya juyo ya zuba masa ido. Gazali ya dubi ruwan da ke gudu a gaban idonsa, ya ja layi a kan abin da ya fara rubutawa.

Labari ya riga Elisha isa gida. Ya tarar da Rebeka tsaye a tsakar gida, ko mayafi babu.

"Mi ka yi?"

Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin dabararsa dalla-dalla: jika goma Bintu ba ta da su, ba za a haɗa ta ba, kuɗin tasoshinta ma sun huta, ruwa kuma ya ci gaba da zuwa. Kowa ya ci riba. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke da kyau a baki.

"Matar da ta yi man wankan jego," in ji Rebeka. "Ranar da na haihi ɗiyar ga, wa ya zo? 'Yan majami'a biyu ne da ita."

"Dubi ɗiyarki, Rebeka. Dubi gashinta."

Rebeka ta dubi yarinyar. Da yamma ta dafa ganyen, ta zuba musu, ita ba ta ci ba.

Bintu ta je wajen Namadi ta durƙusa, ya ce takarda ta riga ta tafi, abin da aka rubuta da biro ba ya gogewa. Mako biyu ƙasari ya ci gaba da gangarowa, Elisha yana tare shi yana rabawa zogale kansa a ƙasa. Ya daina bi ta majalisa. Ran Lahadi a majami'a, da aka zo addu'a, leɓensa kawai ke motsi. Duk da haka in ya ga Tabita na tauna ganye sai ya ce wa kansa ya yi daidai, kuma da za a sake, haka zai sake yi.

Ran Litinin ta mako na uku magina suka shigo da buhun siminti, gardi biyu, wato dogaran hukuma, na biye da su, Gazali na riƙe da takarda. Suka fara daga sama. Gidan da ya biya a sa masa tiyo. Gidan da bai biya ba a cusa dutse cikin rariyarsa a shafe da siminti. Elisha yana garka ya hango su sun tsuguna a gindin katangar Bintu. Ya yar da fartanya ya ruga, ƙafa ba takalmi.

"Mushe! Ka ce ba a haɗa shi! Haka ka ce gaban jama'a!"

"E, ba a haɗa shi," in ji Gazali. "Ba a kuma barinshi ya zuba a hanya. In ba haka ba mi ne amfanin kanibo?" Ya juya takardar ya karanta masa shafi na biyu: wanda ba a haɗa ba a toshe rariyarsa, wanda aka kama yana zuba ruwa a hanya a ci shi tara, gidan kwamasa kuma ba ya sana'a sai ya biya.

Elisha ya tsaya yana kallon magini na shafa siminti da bayan cokali, a hankali, yana gyara gefe-gefe don aikin ya yi kyau. Daga cikin gidan ba a ji motsin kowa ba.

Rama ta yi kwana huɗu ta kwanta. Ya sai da rigarsa ta Lahadi ya sayi ruwan garwa, ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Ya bi kanibo har inda take zubarwa a wani kududdufi gabas da unguwa, ya ɗebo baƙin ruwan da ya haɗu da baban rini da sabulu, ya zuba wa zogale biyu don gwaji. Kwana uku ganyensu ya yi rawaya ya zube. Saura uku. Rebeka ta shiga daji tare da matan ƙauye neman anza da jiga, abincin daji na ranar yunwa, su wuni su dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Ƙafafun Tabita suka fara kumbura, in an danna yatsa wurin ya zauna. Ta daina kuka, kuma wannan ya fi kukan tsoratar da shi.

Ya je ya sami Gazali a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. "Mushe, ƙarya na yi. Tukunya guda ce. A gyara."

Gazali ya tashi ya rufe ƙofa. "Ka san abin da kake hwaɗi? In na kai wagga magana sama, kai ka yi wa hukuma ƙarya, ni na rubuta ƙarya. Mu biyu za a ɗaure. Wa zai ci da iyalinka? Tahi gida, baba. Ban ji komi ba."

Ya komo gida. A bakin zauren Bintu, inda tukunyar koko ke zama da safe, duwatsun murhu ne kawai da toka.

Ran Juma'a da hantsi yana zaune a gindin zogale, ba ya komai, don ba abin yi, sai ya ji takun mutum. Bintu ce ke gangarowa da tulu a ka. Ta rame, zanen jikinta ya koɗe. Ba ta yi sallama ba. Ta wuce shi ta sauke tulun, ta karkata bakinsa a gindin zogalen farko, ruwa garau ya fito. Ta raba shi uku daidai, ba ta bar digo ba. Elisha ya miƙe.

"Bintu, mi ne wannan?"

"Yau Juma'a," in ji ta. "Da rariya ke kawo maka. Yanzu sun toshe ta."

Bai gane ba, ko kuwa ya gane bai so ya gane ba. Ta gyara gammonta tana kallon ƙasa.

"Ɗiyata ta hwari, Safi, a waccan yunwa ta tahi. Bisa hanya muke, tana ta cewa ruwa, ruwa, ba ni da shi. Tun ran nan kowace Juma'a nike sayen tulu guda in yi mata sadaka. Na dubi unguwa ban ga inda ruwa ya hi amfani kamar nan ba. To na san ka, ba ka amsa da hannu. Na ce kuma ƙila ku masu Lahadi ba ku amsar sadakar Juma'a. Sai na ba rariya ta kawo. Ruwan sabulu kau tsakar gida nike watsa shi, don kar ya ƙona maka shuka."

"Randunan..." in ji Elisha.

"Randa guda gare ni, ita ma ta tsage."

Ya dafa itacen zogale. Ya ce, "Da an haɗa ki hwa? Da duk ya bi tiyo."

"Da sai in ɗauko bisa kai, kamar yau. Har ƙasarin. Wa zai zuba abincin ɗiyar Rebeka cikin tiyo? Gida uku ne tsakaninmu, Elisha. Da ka tako ka tambaye ni."

Ya so ya durƙusa, ta ɗaga hannu ta hana shi. "Kar ka ce na yahe, ban yahe ba tukuna. Ba don kai na kawo ba. Gobe muna tahiya Kanan-Bakashe wajen ƙanena, in shi ma yana da abin ba mu. Tulun ka riƙe, ya yi muna nauyi." Ta juya ta hau gangaren a hankali, ba ta waiwayo ba.

Ya daɗe tsaye gaban tulun. Sannan ya sunkuya ya ɗauke shi, ya ɗora a kafaɗa, ya hau hanya. A gidan farko ya yi sallama, wata yarinya ta leƙo. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya bai roƙi kowa allura ba ya miƙa tulun da hannu biyu ya ce, "Ki ce ma innarki Elisha ne. Ko akwai ruwan wanke-wanke, a taimake ni saboda Allah." Wasu gidajen aka zuba masa. Wasu aka ce a gaya masa ya je ya karanta a rariya. Ya ce ya gode, ya wuce na gaba. Haka ya yi kullum, safe da yamma, wata uku, har aka yi ruwan farko.

Zogale biyu suka kai damina. Tabita ma ta kai, ko da yake har ta girma ba ta yi tsawon sa'o'inta ba. Da kaka wani mai amalanke ya kawo labarin cewa tsohuwar Bintu ba ta kai Kanan-Bakashe da rai ba, ƙaramar 'yar Bintu kuma ta bi ta kafin shuka ta fito. Bintu ba ta sake takowa Tasawa ba. Elisha ya je nemanta sau biyu da buhun busasshen zogale, aka ce masa ta yi gaba, ba wanda ya san ina.

Ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka, ya sake tada garkar da ruwan tulu, ya yi jikoki, ya zama dattijo a majami'a. Kanibo kuwa yashi ya cike ta tun damina ta biyu, mutane suka fasa simintinsu, rariyoyi suka koma zuba a hanya kamar da, ban da guda ɗaya da ba wanda ya fasa. Amma in ya bi gindin katanga kauda kai yake yi. Yaran da suka taso daga baya, waɗanda suka gaji tsokanar ba su san tushenta ba, sukan tare shi su ce, "Baba Elisha, mi rariya ta ce yau?"

Sai ya tsaya, ya gyara tulun a kafaɗa, ya ce, "Ban iya karatu ba."